Wa Ya Sallame Ka, Malam Isyaku?

A Kwaciri in ka ce gidan Isyaku kake nema, sai an tambaye ka wanne, don masu sunan sun kai biyar a layi ɗaya. Amma in ka ce Isyaku na Malam Sammani, ko wanda ya tare a unguwar jiya zai nuna maka ƙofar.

Malam Sammani tsohon malamin Larabci ne, ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa a makarantun gwamnati kafin ya ajiye alli. Gidansu gidan karatu ne tun kaka da kakanni. 'Ya'ya biyu Allah ya bar masa bayan rasuwar matarsa, Isyaku da ƙanwarsa Raudha. Raudha ce ta gado son littafi. Shi Isyaku tun yana ƙarami hannunsa ya fi bakinsa magana, rediyon gidan ba ta taɓa yin wata guda bai kwance ta ya mayar ba. Da ya gama makarantar koyon sana'a sai ya sami aiki a wani kamfanin sabulu a Bompai, shi ke kula da injin da ke yanka sabulu yana buga masa tambari. Shekara tara yana can. Matarsa Ma'u takan ce ita dai ta huta da sayen turare, tun daga bakin layi take jin ƙamshin dawowar mijinta.

Wata Litinin da safe Malam na alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya yunƙura zai ɗauka, ƙafar ma ta ƙi. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo. Bayan sati uku aka sallamo su da ledar magani da ɗan bayanin da wata nas ta yi wa Isyaku a tsaye a bakin ƙofa. Raudha a lokacin ba ta fi wata biyu da bin mijinta Ingila ba, inda ya tafi ƙaro karatu. Malam kuwa dogo ne kakkaura, ɗaga shi sai namiji, ga shi kunyar surukuta ba za ta bar Ma'u ta yi masa wanka ba ko da tana da ƙarfin. Isyaku ya ɗauki hutun sati biyu, ya ƙara wata guda. Da ya ga abin ba na yau ko gobe ba ne, sai ya yagi takarda ya rubuta cewa ya bar aiki. Ya je ofishin manaja bai same shi ba, ya ajiye masa a kan tebur ya juyo, don lokacin ba Malam magani ya ƙarato.

Masu zuwa dubiya sukan fita suna girgiza kai, suna tausayin matashin da ya bar albashi ya zauna gida. Amma waɗanda ke cikin gidan sun san ba gidan baƙin ciki ba ne.

Wata biyun farko Malam bai furta ko kalma ɗaya ba, sai ido. Likita ya ce a riƙa yi masa hira. To Isyaku ba gwanin hira ba ne, sai ya koma ɗauko littattafan tsohon yana karanta masa bayan la'asar, da ɗan Larabcinsa da ya yi tsatsa. Ran nan yana cikin karatu ya ɗora wasali inda ba wurinsa ba. Sai ya ji murya mai nauyi daga kan gado ta ce, "Sake." Ya ɗaga kai, ya ga Malam ya haɗe gira kamar yana gaban aji. Ma'u da ke tuƙa tuwo a tsakar gida ta yar da muciya ta zo bakin ƙofa, tana dariya tana share hawaye da gefen zani. Daga ranar Isyaku ya shiga yin kuskure da gangan, kowane shafi sai ya ɓata kalma biyu ko uku. Da harshen Malam ya ƙara sakuwa, ya dube shi ya ce, "Na san da gangan kake yi. Amma sake."

Sauran abubuwan a hankali ya koye su, wasu a bakin ma'aikatan asibiti, wasu a wurin masu gashin ƙashi, mafi yawa kuma daga kuskurensa. Ya san yadda ake juya mai doguwar kwanciya don kada bayansa ya yi ciwo. Ya san yadda ake ɗaga babban mutum da gwiwa, ba da ƙugu ba. Ya gane cewa in Malam ya yi shiru yana kallon rufi ba fushi yake ba, fitsari ne ya matse shi yake jin nauyin faɗa. Ya samo bututun ƙarfe ya kafa a jikin bango tun daga ɗaki har zaure, Malam na dafawa yana jan ƙafa. Ranar da tsohon ya kai zaure da kansa, sai da Ma'u ta sa aka yanka zakara.

Juma'a ita ce ranar ado. Isyaku zai yi masa aski, ya gyara masa gemu, ya sa masa farar riga da hula, ya tura shi a keke zuwa masallaci. Tafiyar minti goma sai ta ci musu rabin awa, don kowane lungu akwai tsohon ɗalibi da zai durƙusa ya gaida Malam, shi kuma sai ya tuna wa mutum irin rashin jin da ya yi a aji uku. Abinci kuwa bai yanke ba. Akwai ɗan fanshon Malam, akwai abin da Raudha ke aikowa, Ma'u na yin zoɓo da kunun aya ana sarowa, shi ma Isyaku ya mai da zaure wurin gyaran janareta da injin markaɗe. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba ya zuwa aikin da zai hana shi jin ƙarar cokali a jikin kwano, don da shi Malam ke kiransa. Akwai ranakun gajiya, ba a rasa ba. Akwai ranar da ya fita bayan gida ya jingina da bango ya yi kuka, ya wanke fuska ya koma ciki. Amma in ka tambaye shi yau, labarin dariya zai fara ba ka.

A shekara ta bakwai, wata Alhamis da hantsi, Malam ya sha kununsa a zaure, ya ce a gyara masa hula ta karkace. Isyaku ya gyara. Tsohon ya riƙe hannunsa da hannun hagu ya ce Allah ya yi masa albarka, ya yi salati, ya jingina kai da bango kamar mai gyangyaɗi. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, jama'ar da ta taru har ta cika layi ta malala kan titi.

Bayan an watse daga zaman makoki ne Isyaku ya ga yadda yini yake da tsawo. Yakan ɗebi ruwan wanka ya sirka, sai ya tuna babu mai wankan. In Ma'u na wanke-wanke cokali ya bugi kwano, sai ya miƙe tsaye. Fanshon Malam ya tsaya, gyaran janareta kuma ba kullum ba ne. Shekararsa arba'in da biyu, bai san ta inda zai kama ba.

Bayan sadakar arba'in Raudha ta kira shi a waya. Ta ce a ƙasar da take akwai tallafin da ake ba wanda ya bar aiki don jinyar ɗan'uwansa, har bayan rasuwa ana ci gaba da ba shi na ɗan lokaci, akwai kuma na wanda ke neman aiki bai samu ba. Ta ce, "Yaya, ka je ka tambaya mana. In babu, ai ba a dukan mai tambaya." Da ya kai maganar majalisar ƙofar gida aka yi ta dariya. Wani ya ce in gwamnati ta fara biyan marasa aiki, rabin Kwaciri sai sun sayi mota. Wani ya ce in ya samo fom ɗin ya ɗebo da yawa. Ma'u ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ta goge masa kaftaninsa mai ruwan ƙasa ta ce ya je.

Ofishin da aka kwatanta masa na gwamnati ne, mai kula da lamarin ma'aikata. Ya tarar da wani dattijo mai tabarau a bayan tebur, fanka na juyawa a samansa kamar ba ta so. Isyaku ya yi bayani. Dattijon ya jawo takarda, ya ce to bari su bi abin daki-daki. Ya tambayi aikin da ya yi na ƙarshe, Isyaku ya ce jinya, shekara bakwai.

"Wa ya ɗauke ka aikin?"

"Ba wanda ya ɗauke ni, Alhaji. Mahaifina ne."

"To wa ya sallame ka, Malam Isyaku?"

Isyaku ya ce, "Shi Allah ya sallama. Ni na tashi ne kawai na ga ba aiki."

Dattijon ya ajiye biro, ya cire tabarau, ya yi masa ta'aziyya yadda ya kamata. Sannan ya gaya masa gaskiya, irin tallafin da ƙanwarsa ke faɗi su ba su da shi a nan, ko na mai jinya ko na mai neman aiki. Isyaku ya yi godiya ya miƙe. Har ya kai ƙofa dattijon ya kira shi, ya tambaye shi ko a kamfanin da ya yi aiki kafin jinya ana cire masa wani abu a albashi da sunan fansho. Isyaku ya ce ana cirewa, har sun sha yin ƙorafi a kai. Dattijon ya ce to ya je ya nemi kamfanin fanshon da ke riƙe da kuɗin, don akwai ƙofa a can ga wanda ya rasa aiki.

Ma'u ce ta tono katin fanshon a ƙasan akwatin ƙarfe, cikin ledar da ta ajiye katin rigakafin 'yarsu Ni'ima. Washegari ya nufi ofishin kamfanin fanshon, a wani bene kusa da Bata, ya ratsa ta cikin masu tura kaya da 'yan adaidaita sahu har ya sami matakala. Wadda ta saurare shi wata mace ce mai fara'a da saurin magana, sunanta Hajiya Fanta. Ta buga lambar katin a kwamfuta, ta juyo masa da fuskar kwamfutar don ya gani da idonsa. Ta ce kuɗinsa na nan ba su je ko'ina ba, har sun ɗan hayayyafa. Ta ce wanda bai kai shekara hamsin ba, in ya rabu da aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba, doka ta yarda ya ciri kashi ɗaya cikin huɗu.

"Wata huɗu aka nema," in ji ta, "kai ka zo mana da shekara bakwai."

Abu ɗaya ya rage, sai ya kawo takarda daga kamfanin sabulun, mai tambari da sa hannu, da ke nuna sun amince da barin aikinsa. Shi kuwa bai taɓa karɓar wata takarda ba. Ya hau adaidaita zuwa Bompai. Ƙofar kamfanin na nan da launinta, amma babu ƙamshi, babu ƙarar inji. Maigadi ya ce kamfanin ya rufe shekara uku ke nan, yanzu wurin ajiyar shinkafa ne. Amma ya ce tsohon manajan yana nan a gari, yana da shago a Kasuwar Sabon Gari, layin masu sabulu da man shafawa.

Manajan sunansa Ifeanyi, haifaffen Kano ne, yana Hausa kamar jakin Kano. Isyaku ya same shi a kan benci a ƙofar shago yana cin gyaɗa, ya yi furfura, ya ƙara tumbi. Kallo ɗaya ya yi masa ya miƙe ya rungume shi, ya ce, "Isyaku mai inji. Kai ne ka ajiye mini takarda ka gudu." Ya jawo masa kujera, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Da ya ji Malam ya rasu sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce wata shida ya yi yana riƙe masa gurbinsa ko zai dawo, don bayan tafiyarsa injin nan bai ƙara yanka sabulu daidai ba. Da ya haƙura ya rubuta amsa, ya sa hannu, ya buga tambari, ya sa a fayil yana jiran mai ita. Ranar da aka rufe kamfanin aka ce a zubar da takardun ma'aikata, shi kuma ya ga ba zai iya zubar da shekarun mutane a bola ba, ya kwashe su a buhu ya kai gidansa. Ya ja ƙofar shago ya ce su tafi yanzu.

Gidan na cikin Sabon Gari, a wani layi bayan coci. Suna shiga falo Isyaku ya ji wani wari da ya sani, na magani da man zafi da ɗakin da ba a cika buɗe tagarsa ba. Ifeanyi ya rage murya ya ce mahaifinsa ne, Ugochukwu, kowa na ce masa Papa. Wata biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, ya daina magana, yanzu kuma ya ƙi abinci. Ya ce bari ya shiga ciki ya nemo buhun.

Ƙofar ɗakin Papa a buɗe take. Isyaku na hango matar Ifeanyi zaune a bakin gado da kofin koko, tsohon na kwance kusan a miƙe, tana kai masa cokali. Ya karɓi ɗaya, ya sarƙe, ya yi ta tari, ya juya fuska bango. Matar ta ajiye kofin ta dafe kai. Isyaku ya so ya kau da ido, don shi baƙo ne, takarda ta kawo shi. Amma ƙafarsa ta riga shi yanke shawara. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya ce, "Madam, in ba damuwa, ko zan ɗan gwada?"

Ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya buɗe taga. Ya durƙusa ya gaida tsohon, ya faɗa masa sunansa da abin da zai yi kafin ya taɓa shi. Sannan ya sa hannu ɗaya a bayan kafaɗa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwa, ya zaunar da shi a tashi ɗaya. Ya tokare bayan da matashi biyu, ya ɗora hannun da ya mutu a kan na uku, ya ɗan sunkuyar masa da haɓa. Ya nuna wa Madam yadda za ta riƙa ɗebo rabin cokali, ta kai ta ɓangaren bakin da ke da lafiya, ta jira sai ta ga maƙogwaro ya motsa.

A bango akwai tsohon hoto, wani saurayi da hular ma'aikatan jirgin ƙasa. Madam ta ce Papa ne, direban jirgi ne a zamaninsa, layin Kano zuwa Nguru. Isyaku ya gyara zama. Ya ce ai mahaifinsa ya sha ba shi labarin jirgin Nguru, wai saboda tsabar rashin saurinsa fasinja kan sauka ya yi alwala, ya yi salla, ya sayi rake, sannan ya taka a hankali ya cim masa. Tsohon ya juyo da ido. Leɓensa ya yi rawa, ya yi rawa, sannan ya ce, "Ƙarya ne."

Ifeanyi na tsaye a ƙofa da fayil a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya. Madam ta toshe baki da hannu biyu. Isyaku ya ce shi ma dai bai yarda ba, amma sai Papa ya sha kokon nan ya sami ƙarfin ba shi labarin gaskiya. Tsohon ya shanye kofin tas, yana harararsa.

Takardar na cikin fayil ɗin, ta ɗan yi ja a gefe, kwanan watan shekara bakwai da suka wuce na jikinta. Da Ifeanyi ya rako shi bakin titi sai ya riƙe masa hannu. Ya ce sun kai Papa asibiti, sun sayi duk maganin da aka rubuta, amma abin da ya gani yau babu kantin da ake sayar da shi. Ya roƙe shi ya riƙa zuwa kullum da safe, aiki sosai, da albashi. Isyaku ya ce zai yi shawara.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya gaya wa Ma'u cewa shi abin da ya yi wa Malam don Allah ya yi, yana jin nauyin ya mai da shi abin karɓar kuɗi, kamar ya sayar da ladansa. Ma'u na ɗaura zoɓo a leda, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Abban Ni'ima, na Baba an riga an rubuta, ba mai saye ba mai sayarwa. Wannan kuwa sana'a ce Allah ya koya maka a ɗakinsa. Ungozoma ma ana sallamarta, wanzami ana sallamarsa, ba wanda ya ce ladansu ya zube."

Da ya mayar wa Hajiya Fanta takardar, bai ɓoye mata komai ba. Ya ce an yi masa tayin aiki, yana tsoron kada ya karɓi kuɗin marasa aiki alhali yana da aiki, ya ci abin da ba hakkinsa ba. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce tun da take wurin nan ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba. Ta tambaye shi ko ya fara, ya ce a'a. Ta ce to a yau dai shi marar aiki ne, kuɗin kuma guminsa ne na shekara tara, ba sadaka ba ce. Ta karɓi hotunansa da sauran takardu, ya sa hannu a wuri huɗu. Duk da haka Isyaku bai yarda an fara maganar albashi ba sai da kuɗin suka fito. A makonnin da ke tsakani kullum yana gidan Papa da safe, ya ce zuwan dubiya ne.

Ranar da saƙon banki ya shigo wayarsa yana cikin gyaran wani janareta. Ya karanta, ya goge hannu ya sake karantawa, ya shiga gida ya miƙa wa Ma'u. Ba dukiya ba ce, amma ta isa abin da ya ƙudurta. Ya saya wa Ma'u firiza ta hannu, don ta huta da sayen ƙanƙara. Ya sayi babur ɗan madaidaici da na'urar awon jini. Ya kira Raudha ya ce mata abin da ta aike shi nema babu shi, amma ya dawo da wani. Ta yi ta dariya har muryarta na yankewa, ta ce ita dai a rubuta cewa shawararta ce. 'Yan majalisa kuwa, mutum uku a cikinsu da suka taɓa aikin kamfani suka shiga gida neman tsofaffin katunansu.

Labari ba ya kwana a Sabon Gari. Kafin wata uku wata mata daga cocinsu Ifeanyi ta nemi ya duba mijinta, sai wani ɗan kasuwa a Fagge ya aiko a kan yayansa. Isyaku ya tsara abinsa, maza yake jinya da hannunsa, in mace ce marar lafiyar sai ya tsaya daga ƙofa ya koya wa 'ya'yanta mata. Ba ya ba da magani, ba ya canja abin da likita ya rubuta, in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa shi ke fara cewa a tafi asibiti. Kowane gida ya shiga sai ya kafa musu ƙarfen dafawa a bango, ya kuma tambayi abin da marar lafiyar ya fi so a yi masa gardama a kai.

Papa ya fara tsayuwa a wata na biyar, ya fara takawa da sanda a na takwas. Da ƙaramar salla ta zo ya kafe sai an kai shi Kwaciri ya yi wa Ma'u barka da salla, don ya gaji da shan kunun ayar matar da bai taɓa gani ba. Ifeanyi ya ɗauko shatar adaidaita. Da suka tsaya a ƙofar gida Isyaku ya miƙa hannu zai tallafe shi, tsohon ya ture hannun da sanda. Ya sauko da kansa, ya taka, ya huta, ya taka, 'yan majalisa suka yi tsit suna kallo har ya kai zaure ya zauna. Sannan aka shiga yi masa sannu ta ko'ina.

Ma'u ta fito da lulluɓinta ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe da naman kaza. Papa ya ci da hannun hagu, ya ce miyar ta yi, sai dai yaji bai ji ba, Madam ta ce likita ya hana, ya ce likitan ba ya nan. Da aka kira la'asar Isyaku da mutanen layi suka tafi masallaci, aka bar baƙi a zaure. Ko da suka dawo, Papa ya sa an fito masa da kujera waje. Ya tara tsofaffin unguwa uku, ana ta musu a kan shekarar da aka fara sa kwalta a titin Fagge, kowa na rantsuwa shi ya gani da idonsa. Mai adaidaita ya yi hon sau biyu, Ifeanyi ya leƙa ya ce masa ya kashe injin kawai, ya zo ya ci tuwo.